Inshorar Dokin da Ya Daina Aiki: Asalinta da Yadda Take

Inshorar dawaki ta tsiro ne daga inshorar dabbobin gona a Turai. A Suwidin, Claes Virgin ya kafa kamfanin inshorar dabbobi a 1890, wanda yau ake kira Agria, kuma dawaki da shanu ne farkon abin da ya riƙa yi wa inshora. A Ingila kuwa, kasuwar Lloyd's ta Landan, wadda ta fara da jiragen ruwa a shagon shan gahawa na Edward Lloyd wajen 1688, ita ce daga baya ta zama matattarar masu inshorar dawakin sukuwa.

Tsohon tsarin sharaɗi ɗaya gare shi: sai doki ya mutu ake biyan diyya, ko kuma likitan dabbobi ya tabbatar cewa azabar da yake sha ba ta da magani sai a kashe shi. Satar Shergar ta nuna tsananin wannan sharaɗi. Ingarman nan na Aga Khan ya lashe tseren Epsom Derby a 1981, aka yi masa kuɗi fam miliyan 10 aka sayar da hannun jarinsa, sannan 'yan bindiga suka sace shi a Ayalan a Fabrairun 1983. Masu hannun jarin da suka yi inshorar sata sun karɓi kuɗinsu. Waɗanda inshorar mutuwa kawai suka yi sun tashi a tutar babu, domin ba a ga gawa ba.

Giɓin da ya fi wannan girma shi ne na dokin da ke raye amma ya nakasa. Jijiyar ƙafa ta tsinke, ko ciwon ƙashin kofato ya sa shi ɗingishi na dindindin. Yana cin hakinsa lafiya lau, amma ba ya tsere, ba ya tsallake shinge. Darajarsa ta faɗi, ɗawainiyarsa tana nan. Wannan hali ya ja wasu cikin mugun aiki a Amurka, inda aka gano masu kashe dawakin gasa da wutar lantarki don cin kuɗin inshora. A 1995 kotu ta sami George Lindemann Jr. da laifi kan dokinsa Charisma, mai inshorar dala 250,000.

Inshorar rasa amfani ita ce maganin wannan giɓi. Mai doki yakan bayyana tun farko aikin da dokin zai yi, ya ƙara kuɗi kan na inshorar mutuwa. In likitoci suka tabbatar ba zai sake wannan aiki ba har abada, kamfani ya biya wani kaso na darajarsa. A Birtaniya, in mai shi ya zaɓi ya ci gaba da riƙonsa, akan buga wa dokin tambarin harafin L cikin da'ira da ƙarfe mai tsananin sanyi, gashin wurin ya fito fari, don kada a sayar da shi a matsayin lafiyayye. Tsarin ya fi na dā adalci, tunda bai rataya diyya a kan ran dabba ba.

Ingarmun barbara suna da irin tasu. Cigar, dokin Amurka wanda ya ci tsere 16 a jere, ya kasa ba goɗiya ko ɗaya ciki a 1997, aka biya diyyar dala miliyan 25. Ya yi sauran rayuwarsa a Kentucky Horse Park, har ya mutu a 2014.