Jana'iza da Zaman Makoki a Ƙasar Hausa

Tun da Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa ba a kwana da gawa sai bisa larura: a yi mata wanka, a sa likkafani, liman ya sallace ta a ƙofar gida, a ɗauka a makara zuwa kushewa. Inda malamai suka daɗe suna saɓani shi ne sadakar uku da bakwai da arba'in, ranakun da ake raba gumba da waina; Shehu Usmanu ya yi gargaɗi kan bidi'o'in jana'iza a littafinsa Ihya'us Sunna, Izala kuwa ta tsananta inkari bayan kafuwarta a Jos a 1978. Amma takaba, wata huɗu da kwana goma, nassin Alƙur'ani ce, babu mai jayayya.