Daga Tsibiri zuwa Danja: yadda Kiristocin ƙasar Maraɗi suka koyi kallon mutuwa

Duk wanda ya san Madarunfa ya san tabkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, inda Musulmi daga Nijar da Najeriya ke zuwa ziyara. Ƙasa ce da ba ta mance matattunta. A cikin gundumar nan kuma akwai 'yan tsirarun Kiristoci Hausawa da ke binne nasu da waƙa, suna cewa mamacin "ya yi barci". Daga ina suka samo wannan natsuwar?

Labarin ya faro da mutuwa tun daga tushe. A ƙarshen 1893 mutum uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankinmu na Hausa da maƙwabta. Shekarar 1894 ba ta ƙare ba sai da ciwo ya kashe biyu: Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar da ta tsiro daga wannan asara, SIM, ita ce ta shigo Damagaram a 1924, sannan ta kafa zango a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi.

Wa'azi a kasuwa bai jawo mutane sosai ba. Abin da ya kama zuciya shi ne jinya. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sai kuma asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A nan ya kamata mu dakata. Kuturu a wancan zamani ya kan ga mutuwarsa tun yana numfashi: yatsu na guntulewa, dangi na ja da baya, a ware masa ƙwarya da tabarma. Maganin da ake da shi sai an sha shekaru ana sha, domin haɗin magungunan da ke warkar da cutar cikin watanni sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. To, mutumin da jikinsa ke zagwanyewa a gabansa, me za ka gaya masa? Masu jinya suka riƙa gaya masa cewa Allah ba ya tsufa, ba ya ruɓewa, wanda ya dogara gare shi kuma zai tashi da sabon jiki kamar yadda Yesu ya tashi. A ganina, a bakin waɗannan gadaje ne koyarwar ta zama ta 'yan ƙasa.

Harshe ma ya yi nasa aikin. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bisa aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, kuma kalmomin da aka ɗauko na gida ne: Allah, Ubangiji, Madawwami, tashin matattu. Ko kalmar "bege", wadda Musulmi ya sani wajen shauƙin Annabi, a bakin Kirista ta zama sa rai tabbatacce ga abin da ke bayan kabari. A wurin jana'iza kuma akan karanta Zabura ta 90, mai auna gajertar kwanakin ɗan Adam da dawwamar Mahaliccinsa. Maƙwabci Musulmi da ya zo gaisuwa ba ya rasa gane maganar, ko da sun saɓa kan hanyar ceto.

Bayan samun 'yancin kan Nijar a 1960, ragamar ikilisiya ta koma hannun 'yan ƙasa a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta EERN. An gwada begen nan a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka kuma rasa rayuka. Shugabannin Kirista suka fito suka yi kiran yafiya, aka ci gaba da sujada.

Dattawan da suka ga farkon Danja suna ƙarewa. Ya ku matasan ikilisiyoyin Maraɗi da Madarunfa, ku je ku zauna gabansu, ku rubuta abin da suka gani tun suna da bakin faɗa.