Zuga-zugin Mota da Titunan Birnin Riyadh

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi shi kaɗai ba ya narkar da ƙarfe. Sai yaron maƙeri ya zauna ya yi ta zuga, iska ta ratsa wutar, sa'an nan garwashi ya yi jawur. Injin mota ma haka yake, domin kafin ya ƙone kilo ɗaya na fetur sosai, sai ya shaƙi iska wajen kilo 15. Saboda haka wanda yake son ƙaramin inji ya yi aikin babba, tilas ya nemi hanyar ɗura masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Na'urar da ke wannan aiki, wadda injin ke juyawa da fanbel, ita ce za a kira zuga-zugin mota a nan. Tarihinta ya faro daga Amurka, ya bi ta Jamus da Ingila, ya kuwa iso Riyadh, babban birnin Sa'udiyya, inda gudun mota ya daɗe yana zama abin alfaharin samari da abin kukan iyaye.

Sunan zuga-zugi ya dace da ita tun daga asali. Cikin shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiana ta Amurka, suka sami takardar mallakar wata na'ura mai juyi biyu da ke tura iska. Ba su yi ta don mota ba, tun da a lokacin motar ma ba a ƙera ta ba. A masana'antun narka ƙarfe aka yi ta amfani da ita wajen hura wuta, da kuma ramukan haƙar ma'adinai wajen kai wa leburori iska. Gottlieb Daimler na Jamus ya yi tunanin matsa wa inji iska tun 1885, Louis Renault na Faransa kuma ya yi rajistar tasa dabarar a 1902. Yaƙin Duniya na Farko shi ya gaggauta al'amarin, gama jirgin sama in ya yi nisa cikin sararin samaniya iska takan yi masa ƙaranci, ƙarfin injinsa ya ragu. Da yaƙi ya ƙare sai Paul Daimler, ɗan Gottlieb, ya sauko da dabarar ƙasa. A bikin nunin motoci na Berlin a 1921, kamfaninsu ya nuna ƙananan motocin Mercedes guda biyu masu zuga-zugi irin na Roots.

Tun a waɗannan shekaru aka gane cewa abin yana da nasa farashi. A Ingila wani ɗan tsere mai suna Tim Birkin ya matsa sai an sa wa motar Bentley zuga-zugi, alhali mai kamfanin, W. O. Bentley, bai yarda ba, don shi a ganinsa mai neman ƙarfi sai ya ƙera babban inji. Aka yi motar a 1929, ƙarfin wadda aka shirya don tsere ya kai na dawaki 240. Amma a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa cikin 1930, motocin nan masu zuga-zugi sun yi gudu na ban mamaki, sa'an nan suka lalace kafin a gama. Wata Bentley mai babban inji marar zuga-zugi ita ta ci. Dalili kuwa shi ne iska in an matse ta takan yi zafi, zafin nan kuma shi ke cin inji.

Ƙaramar motar da ta fi shahara da zuga-zugi a wannan ƙarni, rikicin mai na Gabas ta Tsakiya ne ya haifi kakarta. Rikicin mashigin Suez na 1956 ya sa aka shiga rabon fetur da ƙa'ida a Ingila, sai aka umarci injiniya Alec Issigonis ya ƙera mota ƙarama marar shan mai. Ita ce Mini, wadda ta fito a 1959. John Cooper, mai ƙera motocin tsere, ya ga ƙanƙantarta da rashin nauyinta, ya daɗa wa injinta ƙarfi, aka sami Mini Cooper a 1961, wadda ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Bayan sunan ya koma hannun kamfanin BMW, sai aka fito da sabuwar Mini Cooper S a 2002, mai inji lita 1.6 da zuga-zugin kamfanin Eaton, watau jikan na'urar 'yan'uwan nan na Indiana. Ƙarfinta na dawaki 163 ne.

Masu irin wannan mota ba su daɗe ba suka gano hanyar ƙara mata ƙarfi da kuɗi kaɗan. A bakin zuga-zugin akwai wani faifan ƙarfe wanda fanbel ke juyawa. In aka cire shi aka sa wanda bai kai shi girma ba, galibi da ragin kashi 15 cikin 100, sai zuga-zugin ya riƙa juyawa da sauri, iska ta ƙaru. Daga nan sai sauran gyare-gyare su biyo baya, ko mai mota ya so ko ya ƙi: filogi mai jure zafi, da salansa mai faɗi don hayaƙi ya fita da sauƙi, da babbar na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga inji, da sake saita kwamfutar da ke auna mai. Kamfanin John Cooper Works, wanda ɗan John Cooper ya kafa, ya haɗa irin waɗannan gyare-gyare wuri ɗaya har da sake aikin kan injin, ya kai motar ƙarfin dawaki 200 a 2003, daga baya 210. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A wannan mota famfon ruwan lagireto a bayan zuga-zugin yake, tare suke juyawa, saboda haka wanda ya wuce gona da iri wajen rage faifan ya taɓa abin da ke sanyaya injin. A ƙarshen 2006 kamfanin ya bar zuga-zugi mai fanbel ya koma ga turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa.

To, a Riyadh wannan lissafi ya fi tsanani. Birnin yana kan tudun Najad, wajen mita 600 bisa teku, a watannin Yuli da Agusta kuma zafi yakan wuce digiri 43. Iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, iska mai zafi kuma ba ta kai mai sanyi ba. In aka haɗa biyun, inji a tsakar ranar bazara ta Riyadh yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin bakwai na iskar da zai shaƙa a bakin teku ranar da babu zafi. Wannan ya sa direba ke jin motarsa ta yi nauyi har ya yi marmarin ƙara mata zuga. Amma iskar da ta shigo da zafinta, aka kuma matse ta, takan sa fetur ya kama wuta kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, har fistin ya lalace. Saboda haka ƙwararren makaniki a irin wannan ƙasa yakan fara da lagireto da birki da taya kafin ya taɓa faifan.

Yadda birnin kansa ya zama filin gudu kuwa, wani tarihi ne. Sa'ad da Sarki Abdul'aziz ya kama Riyadh a 1902, ƙaramin gari ne mai ganuwar ƙasa da lunguna, irin wanda mutumin Kano ko Katsina ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. An kafa daular Sa'udiyya a 1932, aka sami mai a Dammam a 1938. A wajen 1950 aka rushe ganuwa, a 1951 jirgin ƙasa ya iso daga Dammam, cikin shekarun nan kuma aka kwaso ma'aikatun gwamnati daga Hijaz aka gina wa ma'aikata unguwar Malaz. A ƙarshen shekarun 1960 hukuma ta ɗauki wani Bagirke, Constantinos Doxiadis, wanda ya tsara birnin Islamabad na Pakistan, don ya tsara Riyadh. Shi kuwa ya yanka ƙasar gida-gida, kowace unguwa kilomita biyu tsawo, kilomita biyu faɗi, da manyan tituna miƙaƙƙu a tsakaninsu. Birni ne wanda ba ya biyuwa da ƙafa.

Sai ga hauhawar kuɗin mai ta 1973. Kuɗi suka kwararo, aka kafa asusun ba da rancen gina gida a 1974, fili ya zama haja. Masu filaye suka riƙa shimfiɗa kwalta can cikin hamada tun kafin a aza tubali ɗaya, suna jiran farashi ya tashi. Ƙidayar 1974 ta sami mutum wajen 667,000 a birnin, ta 2022 kuwa ta sami kusan miliyan 7. Waɗannan tituna masu faɗi, marasa gidaje, marasa 'yan sanda, su ne suka zama dandalin samari tun daga ƙarshen shekarun 1970.

Wasan da suke yi Larabawa na kiransa tafhit, wasu kuma su ce hajwala. Direba yakan taho da gudun da ya kai kilomita 160 a sa'a ko fiye, sai ya karya sitiyari, mota ta riƙa zamewa a kaikaice tana juyi, tayoyi na kuka, 'yan kallo na jere a bakin titi ba tare da wani shinge ba. Abin lura shi ne motocin wannan wasa ba na tsere ba ne. Motocin iyali ne irin su Toyota Camry da Hyundai Sonata, sau da yawa na haya ko na sata, ba a ƙara musu kome ba sai ƙarfin halin mai tuƙi. Wani masani Bafaranshe, Pascal Menoret, ya zauna da irin waɗannan samari a tsakiyar shekarun 2000, ya wallafa littafinsa Joyriding in Riyadh a 2014. Ya nuna cewa da yawansu 'ya'yan ƙauyawa da makiyaya ne da suka shigo birni, suka ga dukiya tana wucewa ta gabansu, ba aiki, ba wurin shaƙatawa. Suna da kalmar da suke kiran halin da suke ciki, watau tufush, ƙuncin zuciyar wanda ya rasa abin yi ya kuma rasa mafita. Fetur kuwa a lokacin ya fi ruwan kwalba araha, don ko a 2015 lita ɗaya ba ta kai rabin riyal ba.

Asarar rayuka ta yi yawa. A 2016 kaɗai fiye da mutum 9,000 suka mutu a haɗarin mota a Sa'udiyya. Ba tafhit ne ya kashe su duka ba, amma gudun wuce sa'a yana cikin manyan dalilai, matasa kuma su ne suka fi shiga ciki. Hukuma ta fara da sanda. A 2010 aka kafa na'urorin ɗaukar hoto na Saher a titunan Riyadh don kama masu gudu. A 2016 aka tsananta hukuncin tafhit: karon farko tarar riyal 20,000 da tsare mota kwana 15, karo na biyu riyal 40,000 da kwana 30, karo na uku riyal 60,000, kotu kuma ta duba ko za a ƙwace motar. A farkon 2018 kuɗin lita ya tashi zuwa riyal 1.37. Zuwa 2021 yawan masu mutuwa a hanya ya sauko ƙasa da 7,000.

Daga baya hukuma ta gane cewa hani kaɗai ba ya raba saurayi da son gudu, sai ta buɗe masa ƙofa. Filayen tsere na Reem da Dirab a wajen gari suka zama wuraren da mai gyararriyar mota zai gwada ta da hular kwano, a bayan shinge, ga motar asibiti a tsaye. A nan ne ƙaramar mota mai zuga-zugi ta sami gurbinta, gama a fili mai kwana da yawa rashin nauyi ya fi girman inji amfani. A watan Yuni na 2018 aka ba mata izinin tuƙi. A watan Disamba na shekarar aka yi tseren motocin lantarki na Formula E a Dir'iyya, tsohon mazaunin gidan Sa'ud da ke gefen Riyadh. Tseren Dakar ya koma Sa'udiyya a 2020, na Formula 1 ya fara a Jidda a 2021, a ƙarshen 2024 kuma aka buɗe jirgin ƙasa na cikin birnin Riyadh, wanda ya ba mutanen birnin wata hanyar zuwa aiki ban da mota.

Wannan labari bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Al'ummar da ta gaji sukuwa da kilisa ba ta rasa samarin da ke mai da mota ko babur doki a ranar ɗaurin aure, unguwanni da dama kuma sun ga yadda biki ke komawa zaman makoki. Bambancin shi ne mai sukuwa yana da filinsa, yana da linzami, yana kuma da manya da ke kallonsa. Maƙeri ma ba ya barin yaro ya yi ta zuga ba ƙaƙƙautawa, sai ya dubi launin ƙarfen ya ce masa ya isa. Riyadh ta yi shekara wajen arba'in, ta kuma binne 'ya'yanta masu yawa, kafin ta tanadar wa masu son gudu wurin da za a iya ce musu haka.