Yadda ake tsara tafiyar babur a hanyoyin karkara da GPS

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu babura da dama da ke ƙaurace wa manyan tituna, suna bin hanyoyin burji da na cikin duwatsu domin yawon buɗe ido.

A da, irin wannan tafiya ta dogara ne a kan taswirar takarda da kuma tambayar mutanen gari. A yau akasarinta ana tsara ta ne a kwamfuta ko wayar salula, kafin ma a tayar da babur.

Sai dai manhajar da ke zana hanyar ba ta ganin abin da ke ƙasa, kuma a nan ne haɗarin yake.

Asalin fasahar

GPS tsari ne na taurarin ɗan-Adam mallakar gwamnatin Amurka, wanda aka ƙirƙira domin amfanin soji, ya kuma kammala kankama a shekarar 1995 da taurari 24.

Taurarin na shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Na'ura na buƙatar saƙo daga aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta gane inda take.

Da farko Amurka ta riƙa rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, har kuskuren kan kai mita 100. A watan Mayun 2000 ne Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin daina hakan, lamarin da ya sa na'urorin suka iya bambance hanya da wadda ke kusa da ita.

Daga nan wasu abubuwa biyu suka biyo baya. A 2002 aka fito da GPX, wato nau'in fayil da ke ba mutane damar musayar hanyoyi tsakanin na'urori daban-daban. A 2004 kuma Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Burtaniya, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa, wadda ta ƙunshi ƙananan hanyoyi da yawa.

Zaɓen hanya

Manhajojin da aka saba da su, kamar Google Maps, an gina su ne domin kai mutum wuri cikin sauri, don haka sukan karkata zuwa manyan tituna.

Shi kuwa mai babur akasin haka yake nema. Wannan ne ya sa aka samu manhajoji irin su Kurviger da Calimoto na ƙasar Jamus, waɗanda ke fifita hanyoyi masu lanƙwasa, da kuma OsmAnd da ke nuna ko hanya kwalta ce ko burji, matuƙar an shigar da bayanin cikin taswira.

Mai tsara tafiya kan sa mafari da maƙura, sannan ya jera zanguna a tsakani domin tilasta wa manhajar bi ta inda yake so. Daga nan ya duba hotunan tauraron ɗan-Adam ya tabbatar cewa hanyar na nan, ba shinge ko kogi ya datse ta ba.

Hanya da sawu

Babban abin da ke rikita sababbin shiga shi ne bambancin da ke tsakanin hanyar da na'ura ke lissafawa da kuma abin da za a iya kira sawu.

Ita hanyar lissafi jerin zanguna ce kawai, na'urar ce ke cike tsakaninsu da taswirar da ke cikinta. Idan mutum ya kauce, sai ta sake lissafi, wani lokaci ta mayar da shi kan babban titin da yake gudu. Haka kuma na'urori biyu masu taswira daban kan iya raba abokan tafiya biyu, alhali fayil ɗaya suka ɗauka.

Shi kuwa sawu layi ne tsayayye da aka haɗa da ɗaruruwa ko dubban ɗigo-ɗigo, galibi daga tafiyar wani da ya riga ya bi wurin. Ba ya canzawa, amma a na'urori da dama ba ya cewa a juya dama ko hagu, sai mai tuƙi ya riƙa kallonsa. Gogaggun matafiya sun fi dogara da shi a daji.

Fitattun hanyoyi

A Amurka, Sam Correro ya shafe shekaru yana haɗa hanyar Trans-America Trail, mai tsawon kimanin kilomita 8,000, wadda asali ta tashi daga jihar Tennessee zuwa gaɓar teku a Oregon.

A Turai akwai Trans Euro Trail, mai tsawon fiye da kilomita 50,000. 'Yan sa kai ne ke kula da ɓangaren kowace ƙasa, kuma ana sauke fayilolinta kyauta.

A Afirka kuma, kamfanin Tracks4Africa na Afirka ta Kudu na gina taswirarsa ne daga sawun da matafiya ke aiko masa.

Abin da manhaja ba ta sani ba

Kasancewar hanya a taswira ba ya nufin doka ta halatta bin ta. A Jamus an hana ababen hawa masu inji shiga akasarin hanyoyin daji, yayin da a Ingila da Wales wata doka ta 2006 ta rufe tsoffin hanyoyin karkara da dama ga babura da motoci.

Taswirar ma kan yi kuskure. A watan Disambar 2012 'yan sanda a jihar Victoria ta Ostireliya sun gargaɗi direbobi, bayan taswirar Apple ta sa garin Mildura a tsakiyar wani gandun daji, kimanin kilomita 70 daga ainihin inda yake, inda wasu suka maƙale cikin zafi babu ruwa.

Sai batun mai. Babur mai tankin lita 15 da ke yin kilomita 20 a kowace lita zai kai kilomita 300 a kan kwalta, amma yashi da laka da hawan dutse na rage wannan nisa sosai. Don haka ake sa gidajen mai cikin zanguna tun daga gida.

Ita na'urar GPS ba ta buƙatar intanet kafin ta san inda take, amma taswirar na buƙatar a sauke ta cikin waya tun kafin a fita daga inda sabis yake.

Masu wannan harka kan riƙe taswirar takarda da ruwan sha isasshe, su kuma bar wa wani a gida kwafin hanyar da lokacin da suke sa ran isa. Inda kuma na'ura ta saɓa da abin da mutanen gari suka faɗa game da gada ko mashigin ruwa, maganar mutanen gari ake bi.