Daga Angurya Zuwa Masarar Funtuwa: Tarihin Sabon Iri a Arewa

Da an tayar da zancen ƙarancin amfanin gona a Arewa, sai a ɗora wa ƙaramin manomi laifi, a ce ya ƙi rabuwa da irin kaka da kakanni. Tarihin shekara ɗari da 'yan kai bai gaskata wannan zargi ba. Manomi yana da lissafinsa, kuma duk irin da ya shiga wannan lissafi yakan bazu ko ba a yi masa shela ba.

Auduga ce Turawa suka kwallafa wa rai tun farko. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902, ya ɗauka layin dogon da ya iso Kano a 1911 auduga zai riƙa kwasa zuwa bakin teku. Aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, aka riƙa raba angurya kyauta. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina ta karɓu. Manoman Kano kuwa sai suka karkata ga gyaɗa, wadda ba wanda ya raba musu irinta, domin ta fi kuɗi, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, harawarta kuma ta ciyar da dabbobi. 'Yar audugar da suka noma ma, masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita daga wannan zaɓi na talakawa ta samo asali.

An buɗe tashar bincike a Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan aka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967. Masanan sun yi aiki, sai dai sun daɗe suna auna iri da yawan tsabarsa kaɗai, a gonar da aka shuka abu ɗaya. Manomi kuwa gero da dawa da wake yake haɗawa a kunya guda. Gajeriyar dawa mai yawan tsaba ba ta ba shi karan danni da na rumfa da na girki, ta yaya za ta ture kaura da farafara? Waken da sai an yi masa feshi sau da yawa, ga shi ba harawa, ina zai kamo kanannado a gidan da ake kiwon tumaki? Binciken da wani masani, David Norman, ya yi a ƙauyukan Zariya a shekarun 1960 ya nuna cewa haɗa shukar nan, da ake yi wa kallon rashin wayewa, ya fi riba kuma ya fi tsare gida daga asara in damina ta yi gardama.

Masara ce babbar shaida. Kafin shekarun 1970 shukar bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Da aka fara shirin raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gwambe a 1975 da bashin Bankin Duniya, aka kawo farar masarar IITA mai suna TZB, tare da takin zamani mai rahusa da hanyoyin mota da malaman gona. Ga ta da tuwo mai kyau, ga kasuwa, kuma manomi zai iya ajiye irinta ya sake shukawa baɗi. Cikin 'yan shekaru ta cinye gonakin dawa da auduga a wannan yanki. Mutanen da ake kira masu taurin kai su ne suka sauya babban abin nomansu cikin ƙasa da shekara ashirin.

Mai ja zai ce, to don me har gobe yawancin manoma daga rumbunsu ko daga kasuwar ƙauye suke ɗebo iri? Zai ƙara da cewa irin gargajiya ba ya isa, kuma a nan yana da gaskiya: cutar da ta murƙushe gyaɗa a 1975, bayan farin da ya gabace ta, ta nuna haka, ƙuduji kuma yana nan yana cin dawa da masara. Amma buƙatar sabon iri daban, samunsa daban. Samaru ta fitar da nau'o'i masu yawa na gyaɗa (SAMNUT) da masara (SAMMAZ) da wake (SAMPEA), wasu na jure fari, wasu na jure ƙuduji, sai dai akasarinsu ba su kai shagon ƙauye ba. Irin tallafin gwamnati kan iso bayan an gama shuka. Ga kuma 'yan damfara da ke rina tsabar kasuwa su zuba a leda su kira ta ingantaccen iri. Wanda aka cuta sau ɗaya ya rasa damina guda cur, ba kuwa za a ga laifinsa ba in ya koma ga abin da ya sani. Dokar iri ta 2019 ta tanadi hukunci a kan wannan, saura a ga ana zartar da shi a kasuwannin ƙauye.

Aikin da ya rage wa hukumar kula da iri da gwamnatocin jihohi shi ne iri na gaskiya, a ƙananan ƙunshi daidai aljihun mai kadada ɗaya, ya kasance a shagon garinsu kafin ruwan shuka ya sauka.