Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatu Daga Nesa a Najeriya

A yau jami'o'i masu zaman kansu na ta tallar digiri mai sauƙin kuɗi, wanda mutum zai yi yana gidansa ko yana bakin aikinsa, har matasa na ɗauka sabon abu ne. Mu da muka tsufa a cibiyoyin karatu daga nesa mun san tsohuwar hanya ce, kuma ta sha faɗi-tashi kafin ta kawo nan.

Tun zamanin Turawan mulki, malaman makaranta da akawuna sukan yi rajista da kwalejojin Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Darasi ya zo ta gidan waya, ɗalibi ya yi aikin ya mayar, ya zauna jiran maki na makonni. Da haka wasu suka samu digirin Jami'ar Landan ba su taɓa taka Landan ba.

Amma abin bai zama na talaka ba sai a 1976. A shekarar ce gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai kuwa sun yi ƙaranci. In an kwashe malaman zuwa kwaleji, wa zai riƙe aji? Sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin a kai wa malami karatu inda yake. Aka fara da takardar Giredi Tu, daga 1990 aka ƙara da NCE. A irin waɗannan cibiyoyi na koyi aikin. Ɗalibanmu magidanta ne da matan aure, wasu da goyo a baya, suna zuwa ƙarshen mako da lokacin dogon hutu. Gaisuwarsu ba ta cika sai sun ƙara da, "Malam, modul ya iso?" Wannan littafin darasi shi ne malaminsu sauran kwanakin mako. Idan an rubuta shi da kyau, ɗalibi ya tsira. Idan an yi ha'inci a ciki, babu mai ceton sa.

A matakin jami'a tafiyar ta fi wuya. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984. A wannan shekarar kuma aka yi dokar da ta soke jami'o'i masu zaman kansu. Ƙofofi biyu suka rufe lokaci guda, masu neman ilimi kuwa sai ƙaruwa suke. Giɓin nan ne ya haifar da rassan jami'o'i barkatai a shekarun 1990. Jami'a tana can wani gari mai nisa, reshenta yana cikin ajin firamare na haya, babu ɗakin karatu, babu malami na dindindin, sai cinikin handawut. Na ga mutanen kirki sun zuba albashinsu a irin waɗannan wurare, suka fito da takardar da ba ta da nauyi. A 2001 gwamnati, ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ba da umarnin rufe su. Har yau tabon da suka bari yana sa wasu ma'aikatu yi wa digirin nesa kallon hadarin kaji.

Dokar 1993 ce ta sake halatta jami'o'i masu zaman kansu, amma sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion a Okada, Babcock a Ilishan-Remo, da Madonna, wadda ta bazu a harabobin Okija da Elele da Akpugo. Arewa ta biyo baya da irin jami'ar Atiku Abubakar ta Yola da Al-Qalam ta Katsina. Sun kawo abin da iyaye ke ƙishirwa, wato karatun da yajin aiki ba ya katsewa. Sai dai sunan da jama'a suka laƙaba musu, "jami'ar kuɗi", ya nuna wanda aka bari a waje.

Wanda aka bari ɗin, Buɗaɗɗiyar Jami'ar nan, wato NOUN, ita ce ta ɗauke shi bayan Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ta buɗe cibiyoyi a faɗin ƙasa har cikin barikoki da gidajen gyaran hali, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya jagorance ta daga 2016 zuwa 2021. A 2023 hanyoyin biyu suka haɗu, lokacin da aka ba buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Ina maraba da su da zuciya ɗaya. Duk shekara sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke rubuta JAMB, kuma kujerun da ke akwai ba sa isa. Amma wayar hannu ba ta sauya asalin aikin ba. Har yanzu abu uku ke riƙe da karatun nesa: darasin da gwani ya rubuta, malamin da ke amsa tambaya a kan lokaci, da jarrabawar da ba a saye. Jami'ar da ta rage kuɗi ta hanyar rage ɗaya daga cikinsu ta koma gidan jiya, domin araha ba ta ado.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka biya ko kwabo, bincika ko NUC ta amince da jami'ar, da kwas ɗin da kake so, da kuma cibiyar da za ka zauna jarrabawa. Lissafa kuɗin data da na caji a cikin kuɗin makaranta. Nemi tsohon ɗalibinsu ka tambaye shi ko malamai na amsa saƙo. Masu jami'o'in kuma su ji tsoron Allah, su tuna cewa kuɗin da ɗalibin nesa ke kawo musu guminsa ne da abincin iyalinsa.