2.3 Tarihin Yaƙi da Cutar Yaushin Kankana ta Hanyar Ƙwayoyin Halittar Ƙasa

Kankana da guna na cikin amfanin gonar da manoman rani a ƙasar Zazzau suke samun kuɗi da su, kamar yadda tulin kankana a bakin hanya a Kwangila yake nunawa. Babbar abokiyar gabar waɗannan tsirrai ita ce funfunar da masana suke kira Fusarium. Takan shiga ta saiwa, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi, sai yabanya ta yi yaushi ta bushe ko da ƙasa na da danshi. Haka kuma takan yi shekaru a cikin ƙasa tana jiran shuka ta gaba.

A shekarar 1894 ne Erwin F. Smith ya fara bayyana wannan cuta a gonakin kankana na kudancin Amurka. Da farko an nemi magani ta hanyar samar da iri mai juriya. Daga bisani aka koma ga feshin ƙasa da sinadarin methyl bromide, wanda aka haramta a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal saboda illarsa ga sararin samaniya: a 2005 ga ƙasashen da suka ci gaba, a 2015 ga masu tasowa irin su Nijeriya.

Amma tun a 1904 Bajamushe Lorenz Hiltner ya nuna cewa ƙasar da ke kewaye da saiwa cike take da ƙwayoyin halitta. A shekarun 1970 masana a Faransa suka binciki gonakin Châteaurenard, inda cutar ba ta yin ƙarfi duk da funfunar tana nan. An gano cewa bakteriyar Pseudomonas tana cikin masu danne ta, domin takan ƙwace sinadarin ayon da funfunar ke buƙata. Ita kuwa Bacillus subtilis sinadaran da ke hana funfuna girma take fitarwa, kuma tana jure zafi da fari, abin da ya dace da yanayin Arewa.

A Nijeriya, rajistar Aflasafe a 2014, wanda funfuna ce marar dafi mai korar mai dafi a masara da gyaɗa, ta tabbatar da cewa halitta na iya maganin halitta. Zariya kuwa tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fara a 1922, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Saboda haka, wannan tarihi yana nuna cewa manomin da ke zuba takin gargajiya yana kuma sauya shuka, ciyar da masu gadin gonarsa yake yi.